Allurar Garmaho

Shekarar da likitoci suka ce za su cire wa mijin yayata maƙogwaro, abu ɗaya ya roƙe ni, wai in nemo masa garmaho. Na yi dariya, don a Makka kana iya samun agogo mai kiran salla da carbi mai batir, amma garmaho sai dai a labari. Bai taya ni dariyar ba. Ya ce yana so matarsa da 'yarsa su ji shi kafin a shiga da shi tiyata, domin bayan tiyatar babu sauran murya.

Baƙin Bature ake ce masa a Hindawiyya, unguwarmu ta Hausawan Makka, kuma ban taɓa ganin ya ji haushi ba. In ka hango shi cikin farar jallabiya yana gangarowa daga lungunmu, gemu duk furfura, da ledar burodi a hannu, za ka rantse Bakano ne, har sai ka yi masa sallama ya amsa. Hausarsa a karye take, Larabcinsa ma bai fi ta lafiya ba. A Birmingham ta ƙasar Ingila aka haife shi, iyayensa kuma daga Jamaika suka je can. Ya musulunta da girmansa, ya zo Umra, wani kamfanin jigilar alhazai ya ɗauke shi tafinta ya yi masa igama, wato takardar izinin zama, shi ke nan ya zauna. Dillalin gidaje ne ya kalli fatarsa bai tambaye shi komai ba ya kawo shi cikinmu.

A lokacin mijin Yaya na farko ya rasu, tana tuƙa tuwo tana sayar wa alhazai da 'yan unguwa. Kullum sai ya zo ya zauna a kan benci ya ci da cokali. Yaya ta ce mutumin da zai yi wata da watanni yana cin tuwo da cokali a bainar jama'a bai ji kunya ba, ai abin tausayi ne, dole wani ya kula da shi. Da maganar aure ta taso ni ne na fi kowa tsalle. Na ji an ce a can ƙasarsu ɗan kiɗan rege ne, ni kuwa abin da na sani game da rege bai wuce hayaƙi da cukurkuɗaɗɗen gashi ba. Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, ba ta yi dogon zance ba. Ta sa masa sharaɗi ɗaya, cewa kiɗa ya tsaya a Ingila, nan garin Ɗakin Allah ne. Ya amsa mata, kuma ya riƙe alkawarin har bayan ranta.

Abin da ya shigo da shi gidan daga tsohuwar rayuwarsa akwati ne guda na katako mai hannun ƙarfe. Yaya ta naɗe shi da bargo ta tura ƙarƙashin gado a ɗakin da ke da na'urar sanyi, don ya gaya mata zafi na lanƙwasa abin da ke ciki. Faya-fayan garmaho ne baƙaƙe, masu nauyi, babu hoton kowa a jikinsu sai farar takarda a tsakiya. Yaya ba mai son kiɗa ba ce, amma tana da son a san mijinta wani ne. In mata sun taru suna ta jiji da kai da mazansu, sai ta gyara zama ta ce Alhajinta fa faya-fayansa na waƙa akwati guda ne, a Ingila aka buga. In yana kusa sai ya sunkuyar da kai ya yi ta juya shayi. Mun ɗauka kunya ce irin ta wanda ya tuba.

Ni direban bas ne, daga tashar Kudai zuwa Harami, tun ina da gashi a ka. Aikinsa shi kuma ya tsaya a bakin layi da lasifikar hannu yana shirya alhazan da ba su jin Larabci. Wanda bai taɓa tsayawa a Kudai ba a lokacin aikin Hajji ba zai gane ba. Motoci a jere injina na ruri, kwalta na tururi, tsofaffi sun gaji sun fusata, kowa na tsoron a tafi a bar shi. Sauran masu lasifika ihu suke yi har jijiyar wuya ta fito, yalla ya hajji, yalla. Shi ba ya ihu. Sai ya ɗan karkata kai kamar mai sauraron wani abu daga nesa, ya saki kafaɗa ɗaya, ya fara jero magana da Turanci a kan rurin injin, da sauri amma kowace kalma a mazauninta, ƙarshen wannan zance na amsa ƙarshen wancan. In ya ga tsohuwa a keken turawa ya saka ta a ciki, in ya ga mai jar lema ya saka shi, in ya ga ina hamma a kan sitiyari ni ma ban tsira ba. Muryar tana da kauri, a ƙirji kake fara jin ta kafin kunne. Layi kan miƙe da kansa, mutane na dariya suna hawa. Ni Turancina na gaisuwa ne, don haka abin da na sani kawai shi ne ranar da yake bakin layi motata kan cika babu faɗa. Na ɗauki abin surutu irin na 'yan kamasho, na ce ashe Turawa ma suna da nasu.

A can Kudai ɗin muka shirya da shi, a inuwar mota, kan kwanon wake da burodi. Ni mutum ne mai bakin magana, ba na iya cin abinci shiru, shi kuwa sai an ja shi. Da kaɗan-kaɗan na ciro labarin. Ya ce mahaifinsa kwandastan bas ne, mahaifiyarsa tana aikin share asibiti. Tun yana saurayi suka haɗa ƙungiya da 'yan unguwarsu, suka sassaƙa akwatunan lasifika da hannunsu, kowanne ya kai girman sif ɗin amarya. Ranar Asabar su loda su a mota, su zauna a kansu, su tafi duk inda suka samu hayar zaure. Amininsa ne ke sa faifai, shi kuma ya riƙe abin magana. Ya ce shi ba mawaƙi ba ne, a can tosta ake ce wa irinsa, mai magana a kan kiɗa. Na ce ashe dai sanƙira Yaya ta aura. Ya tambaye ni mene ne sanƙira, na ce mutumin da ke tsayawa gefen makaɗi yana cusa baki tsakanin ganguna, yana wasa wannan yana zungurar wancan. Ya yi dariya har shayi ya zubo masa a gemu, ya ce kusan haka ne.

Na tambaye shi me yake faɗa musu. Ya ce abin da ya faru a makon: 'yan sandan da ke tare samari baƙaƙe a titi suna laluben aljihunsu, sanyin da ke shiga ƙashi, masana'antar da aka rufe, ƙafafun mahaifiyarsa da ke kumbura. Wani lokaci ƙungiya biyu kan haɗu a zaure ɗaya, kowa da tulin lasifikarsa a kusurwa, a yi ta musayar baki, jama'a ne alƙalai, wanda ya burge su sai su yi ta fito suna dukan bango. Ya ce an sha dukan bango dominsa, har daga Landan ana zuwa jin sa. Wasu daga cikin abokan karawarsa sun kai ga fitowa a talabijin. Yana zuwa nan sai ya koma kan burodinsa. Ban taɓa ce masa kai fa ba, don na ga akwatin da ke ƙarƙashin gado, na ɗauka amsar tana ciki. Ƙarshen labarin a gajarce yake ba da shi: zamani ya juya, zaurukan suka rufe, amininsa mai sa faifai ya rasu, shi kuma ya tsinci kansa wata rana a masallacin unguwarsu yana neman wurin da babu ƙara.

'Yarsu ɗaya, a nan Makka aka haife ta, Larabci ya fi mata sauƙi a baki, Hausa sai in za ta roƙi uwarta wani abu. Ta girma ba ta san mahaifinta da komai ba sai tafiya masallaci da gyaran famfo. A gida magana yake yi ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron ya tashi wani daga barci. Yaya da yarinyar ba su taɓa zuwa Kudai yana aiki ba, me zai kai su, daga Hindawiyya ba ta can ake bi a je Harami ba.

Muryar ta fara dishewa ne bayan wani azumi. Muka ce hayaƙin mota ne da ruwan sanyi. Yaya ta yi ta dafa masa citta da kanumfari, ta haɗa da zuma da zamzam. Abin bai saki ba, har ya ajiye lasifika ya koma zama a ofis. Da aka yi gwaje-gwaje aka ce ciwon daji ne a maƙogwaro, kuma ya yi nisa, sai an cire wurin da murya ke fita gaba ɗaya. Aka sa masa ranar tiyata, sai bayan an gama aikin Hajji. Ranar da muka dawo daga asibiti ne, ina ƙoƙarin juya mota a lungu, ya dafa hannuna ya yi mini maganar garmaho.

Yarinyar, wadda a lokacin ta zama budurwa tana karatun jinya, ita ta fi kowa ɗaukar abin da zafi. Ta bincika sunan da yake amfani da shi a fagen kiɗa a intanet, ba ta samu komai ba sai hoton wata tsohuwar takardar talla da sunan a ƙasa. Ta ce masa, Baba, ka yi mana ko kaɗan haka nan da baki. Ya ce bakin ba ya buɗewa sai an shimfiɗa masa kiɗa. Ta kunna masa waƙoƙin rege a waya, ɗaya bayan ɗaya, yana saurare yana girgiza kai.

"Akwai mutum a ciki," in ji shi. "Babu wurin zama."

Muka kalli juna ni da Yaya. Na ce a raina tsufa da ciwo sun haɗu, rigima ta samu gida. A makonnin nan ya daina magana kusan ɗungum. In ka tambaye shi abu sai ya nuna da hannu. Ruwan ɗumi kawai yake sha, ya naɗe wuya da rawani a tsakiyar zafin Makka. Mun zaci umarnin likita ne, ashe tanadin 'yar muryar da ta rage yake yi.

Na shiga nema. Na zaga kasuwannin gwanjo na Makka, masu kaya suna kallona kamar na tambayi raƙumi mai fiffike. Wani ya miƙo mini rediyo mai kaset, wani ya ba ni nasiha kyauta a kan halin da masu jin kiɗa za su shiga ranar lahira, na ce masa na gode, ya ƙara da inda ake sayar da garmaho in ya sani. A ƙarshe a Jidda na same shi, wurin wani tsoho mai tara tarkacen gidajen Turawan da suka tashi. Na lantarki ne, yana juyawa lafiya lau. Na rungumo shi ina jin kaina, na dire a gaban Alhaji. Ya ɗaga hannun garmahon ya leƙa ƙarƙashinsa, sai na ga fuskarsa ta faɗi. Babu allura.

Na koma wurin tsohon, ya ba ni wasu allurai na ƙarfe irin na garmahon da ake wanawa da hannu. Da Alhaji ya gan su ya janye akwatin faya-fayansa ya rungume, ya ce waɗannan noma za su yi a kan faifan. Na ce to ko ta ɗinkin Yaya za mu gwada, ba wanda ya yi dariya. Yarinyar ta nemi allurar ta intanet, aka ce sai bayan Hajji za ta iso. Daga ƙarshe ta tuna da wani alhaji ɗan garinsu Birmingham da mahaifinta ya taɓa yi wa ɗawainiya, wanda zai dawo a shekarar. Ta aika masa hoton garmahon, ya ce zai zo da ita.

Duk wannan fafutukar Yaya ba ta ga dalilinta ba. Hankalinta na kan tiyata, da ko zai tashi ko ba zai tashi ba. Wata rana da yamma ta ga ya zauna ya zuba wa garmahon ido, sai haƙurinta ya ƙare.

"Alhaji, faifai ai ba ya gudu," ta ce. "Ka warke tukuna, mu zauna mu ji ka har mu gaji."

Na ga leɓensa ya motsa kamar zai faɗi wani abu, sai ya haɗiye, ya gyaɗa kai. Ni ma abin da na yi ta gaya masa ke nan, cewa murya tana nan a ajiye cikin bargo, gaggawar me ake yi.

Alhajin Birmingham ya iso a makare, ana gobe fita Mina. A lokacin mu direbobi an riga an kulle mu a aiki, a mota muke ci a mota muke kwana, ba mai zuwa gida sai an gama jifa. Da ƙyar na gano tantinsu a Mina, ya miƙo mini wani ɗan ƙoƙon roba da bai kai gidan ashana ba. Na ɗaga shi a rana, allurar ma da ƙyar ake ganin ta. Duk wahalar nan a kan wannan ɗan tsinken. Na kira gida na ce ta samu, da an sauko daga Arfa zan san yadda na yi na kawo. Yarinyar ta miƙa wa mahaifinta wayar. Ina jin numfashinsa yana fita da ƙyar, sannan ya yi magana a hankali.

"Direba, ka riƙe ta da kyau."

Maganar ƙarshe ke nan da na ji da muryarsa.

Ranar Arfa bayan azahar yarinyar ta kira ni tana kuka, Larabci da Hausa duk sun cakuɗe mata. Numfashinsa ya toshe, an ɗauke shi a motar asibiti, likitoci sun ce ba za a jira ranar da aka sa ba, yanzu za a shiga da shi. Ina zaune a kan sitiyari, motata a tsakiyar jerin motocin da ba su da iyaka, babu gaba babu baya, ba mai motsawa sai rana ta faɗi. Allurar tana aljihun gabana, ina jin ƙoƙon a ƙirjina. Ko'ina ka duba mutane ne cikin farin harami sun ɗaga hannu suna hawaye. Na kifa kai a sitiyari na yi kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar mahaifiyarmu. Wani tsohon alhaji ya dafa kafaɗata ya ce Allah ya karɓa, na ce amin.

Ya tashi daga tiyatar. Bayan wasu makonni aka sallamo shi, ya rame, da ɗan farin ƙyalle a wuya yana rufe hudar da yake numfashi ta ciki. Na ba shi allurar, ya karɓa ya ajiye a kan taga bai ko buɗe ba. Kwanaki suka yi ta wucewa yana zaune yana kallon bango. Yaya ce da kanta, wadda ba ta taɓa son kiɗa ba, ta ce a fito da akwatin nan, in ya ji kansa wataƙila zuciyarsa ta yi sanyi. Ya girgiza kai. Ta ce ai ba shawara take nema ba, ita ma tana da hakki, shekara da shekaru tana sharar ƙarƙashin gadon nan tana kewaye akwati.

Bayan la'asar ne, ranar wata Juma'a. Yaya ta rufe tagogi saboda maƙwabta, ta dafa shayi, har turaren wuta ta sa kamar za a yi baƙi. Yarinyar ta saita wayarta don ta naɗi muryar. Na kasa ɗaura allurar, sai shi ya karɓa ya ɗaura cikin ƙiftawar ido. Ya daɗe yana zaɓe a cikin akwatin. Ya ciro ɗaya, ya goge shi da gefen rawani, ya ɗora.

Aka ɗan yi ƙaraf-ƙaraf, sai ganga ta shigo, sai wani bugu mai nauyi ya biyo ta, har kofunan shayi suna rawa a kan faranti. Kiɗa ne mai tafiya a hankali, yana zuwa ya ɗan ja baya kamar yana ba wani hanya. Yaya ta gyara mayafi ta matso. Muka jira ya fara. Kiɗan ya zagayo, ya sake ja baya, ba wanda ya shigo. Muka ci gaba da jira har allura ta kai tsakiya ta hau sosa takarda.

Yaya ta ce wataƙila a ɗaya gefen yake. Aka juya, haka. Aka sa wani, aka sa wani, duk ganga ce da bugu da fili. Ni da iyayi na ce ko allurar ce ba ta ɗauko murya, wataƙila alhajin nan ya sayo mana ta bogi. Ya girgiza kai. Yarinyar ta fara ganewa kafin mu, na ga ta sauke wayar a hankali ta ɗora a cinya.

Sai daga baya, da aka ba shi wata 'yar na'ura da yake dannawa a wuya tana fitar da magana shimfiɗaɗɗiya kamar ta rediyon da batir ya yi wa sanyi, ya yi mana bayani. Haka sana'ar take. Faifan da tosta ke aiki da shi kiɗa ne zalla, an cire mawaƙi an bar wuri, shi ne zai cike wurin da bakinsa a gaban jama'a, kuma abin da ya faɗa yau ba shi zai faɗa gobe ba. Waɗannan na ƙungiyarsu ne, don su kaɗai aka yanka, amininsa ne ke riƙe da su, da ya rasu aka ba shi. Shi kansa babu kamfanin da ya taɓa ɗaukar muryarsa. Akwai masu zuwa da rediyo su naɗa a kaset, amma kaset ɗin sun bi masu su. Garmahon da ya nema ba don ya saurari kansa ba ne. So ya yi ya tsaya a tsakar ɗakin nan sau ɗaya, da ragowar muryarsa, ya yi wa matarsa da 'yarsa abin da ya iya. Na tambaye shi me ya hana shi faɗa tun farko. Ya ce abu biyu: alkawarin da ya yi wa mahaifiyarmu, wanda ya sa yake jin nauyin furta cewa kiɗa zai yi a Makka da furfurarsa, da kuma fuskar Yaya duk lokacin da take gaya wa mata cewa mijinta na da faya-fayai akwati guda. Ya ce bai san ta inda zai fara gaya mata cewa babu shi a ciki ba. Ya rayu 'yan shekaru bayan haka, a nan Makka aka binne shi kamar yadda ya so. Har yau in na tuna amsar nan raina ɓaci yake yi, kuma ban san da wa nake fushi ba.

Amma a ranar Juma'ar nan ba mu san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Muna zaune, shayi ya huce. Sai ya miƙa hannu ya mayar da faifan farko, ya ɗora allura, ya dafa bango ya miƙe tsaye. Ya dunƙule hannun dama ya kai saitin baki. Ya karkata kai, ya saki kafaɗa ɗaya. Da kiɗan ya ja baya ya ba da hanya, sai leɓɓansa suka shiga. Babu sauti ko kaɗan, sai iskar da ke fita ta wuyansa tana ɗaga farin ƙyallen. Amma bakin na gudu, yana tsayawa daidai inda ganga ta tsaya, yana tashi inda ta tashi. Ya nuna Yaya da yatsa ya jero mata wani abu mai tsawo, ya juya kan yarinyar, ya nuna kofunan shayi, ya nuna ni ya kwaikwayi mai hamma a kan sitiyari.

Karkata kan nan, da kafaɗar nan, da yatsan nan, na san su kamar yadda na san hanyar Kudai. Ban san lokacin da na ce, ai wannan shi ne abin da yake yi a tasha, kullum, shekara da shekaru, ina zaune ina jira mota ta cika.

Faifan ya ƙare. Ya zauna yana haki, gumi ya jiƙa masa rawani. Yarinyar ta rufe fuska da mayafi. Yaya ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon bakin mijinta, sannan ta juyo gare ni.

"Kai ka ji ke nan," ta ce.

Na ce na ji.

"To faɗa mana yadda take."

Su uku suka zuba mini ido, har da shi. Ni da ba a taɓa rufe mini baki ba a Hindawiyya, ni da nake kwaikwayon muryar kowa a tasha ana dariya, na karkata kai, na saki kafaɗa, na buɗe baki. Ba kalma ɗaya da na riƙe. Na ce tana da kauri. Yaya ta ci gaba da jira, allura na ta sosa takarda, ni kuwa iyakar abin da nake da shi ke nan.